Kakar Wasa Ɗaya a Ƙananan Rukunonin Ƙwallon Ƙafa na Ingila: Misali daga Ƙungiyar Lincoln City, 2016-2017

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke leƙa gidan kallo ranar Asabar ya san Arsenal da Chelsea da Manchester United, wani ma yana iya lissafo 'yan wasansu fiye da yadda zai lissafo sarakunan garinsu. Sai dai ƙungiyoyi 20 da ke buga gasar Firimiya su ne tsororuwar ginin kawai. A ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan ƙungiyoyi na ƙananan garuruwa da unguwanni da ƙauyuka, waɗanda talabijin ba ta cika nuna su ba, amma kowane mako suna fita fili, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Wanda ya tsaya a kan Firimiya kaɗai bai san yadda ƙwallon Ingila yake ba, kuma Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda kakar wasa ɗaya take gudana a waɗannan ƙananan rukunoni. Za a fara da bayanin tsarin rukunonin da tarihinsa a taƙaice, sannan a dubi yadda ake shirya wasanni daga watan Agusta zuwa Afrilu. Bayan haka za a bi sawun ƙungiyar Lincoln City a kakar 2016-2017, domin a cikin wannan kaka ɗaya an ga kusan duk abin da ake son fahimta: neman hawa, da tsoron faɗuwa, da ƙarancin kuɗi, da kuma yadda Kofin FA kan canza rayuwar ƙaramar ƙungiya cikin 'yan watanni. Daga ƙarshe za a taɓo muhawarar da ta taso a kan adalcin tsarin.

2.0 Ma'anar Sunan da Tsarin Rukunoni

Turawan Ingila suna kiran waɗannan ƙungiyoyi da wani suna wanda ma'anarsa ita ce "waɗanda ba sa cikin Lig". Sunan yana rikitar da mai koyo, domin kowace ɗaya daga cikinsu tana buga gasar lig, da teburi da maki kamar kowa. Lig ɗin da ake nufi guda ɗaya ce, wato wadda aka kafa a shekarar 1888 da ƙungiyoyi 12, ta ƙwararrun 'yan wasa masu cin albashi. Duk ƙungiyar da ba ta cikin wannan babbar Lig, ko cikin Firimiya da ta ɓalle daga gare ta a 1992, ita ce ake cewa tana waje. Saboda haka a wannan takarda za a riƙa kiransu "ƙungiyoyin wajen Lig".

Tsarin ya yi kama da dala: sama tsukakke, ƙasa mai faɗi. Matakai huɗu na sama su ne Firimiya mai ƙungiyoyi 20, sai Championship da League One da League Two, kowanne da ƙungiyoyi 24. Jimilla 92 ke nan. A lura cewa League One mataki na uku ne, League Two kuma na huɗu, duk da abin da sunayensu ke nunawa. Mataki na biyar shi ne National League, wato Lig ta Ƙasa, mai ƙungiyoyi 24, kuma daga nan ne ƙwallon wajen Lig yake farawa. Shi ne mataki na ƙarshe da ya game ƙasar baki ɗaya. A mataki na shida an raba ƙungiyoyi gida biyu, arewa da kudu. Daga mataki na bakwai zuwa ƙasa rabon yana ƙara yawa, yankin kowace gasa yana ƙara ƙanƙancewa, har a kai ga gasannin gundumomi inda ƙauye ke karawa da maƙwabcinsa. Dalilin wannan rabo shi ne kuɗin mota da lokaci: ɗan wasan da zai tashi da asuba ya tafi wurin aiki ba zai iya tsallaka ƙasa ranar Talata da dare ba.

Abin da ya haɗa dukkan matakan shi ne hawa da faɗuwa. A ƙarshen kowace kaka na saman teburi suna hawa mataki na gaba, na ƙasan teburi suna gangarowa. A ƙa'ida, ƙungiyar ƙauye tana iya hawa har Firimiya, tsohuwar babbar ƙungiya kuma tana iya faɗowa har wajen Lig. Duka biyun sun faru. Luton Town tana wajen Lig daga 2009 zuwa 2014, amma a 2023 ta shiga Firimiya. Oldham Athletic kuwa, wadda aka kafa Firimiya da ita a 1992, ta faɗo wajen Lig a 2022.

2.1 Yadda Aka Buɗe Ƙofa

Ba tun asali ƙofar ke buɗe ba. Kusan shekara ɗari, ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan teburin babbar Lig ba sa faɗuwa kai tsaye. Abin da ake yi shi ne su nemi a sake zaɓensu a taron shekara, inda sauran ƙungiyoyin Lig ke jefa ƙuri'a tsakaninsu da masu neman shiga daga waje. Da yake masu jefa ƙuri'ar sun san wata rana abin zai iya zagayowa kansu, galibi sai su maido da 'yan uwansu. Ƙungiya tana iya lashe gasarta a waje shekara bayan shekara ba tare da ta sami shiga ba.

Domin su haɗa ƙarfi, manyan ƙungiyoyin waje na arewa da na kudu suka kafa gasa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya a 1979. Ita ce aka canza wa suna zuwa Conference a 1986, sannan National League a 2015. A shekarar 1987 aka soma hawa da faɗuwa kai tsaye tsakaninta da babbar Lig, gurbi ɗaya tal. Ƙungiyar da ta fara hawa ta wannan hanya ita ce Scarborough, wadda ta fara faɗuwa kuwa ita ce Lincoln City. Ko da hakan, akwai sharaɗin filin wasa: dole ya cika ƙa'idojin yawan 'yan kallo da kujeru da tsaro kafin wa'adin da aka ɗiba. Wannan sharaɗi ya hana zakaru uku a jere hawa, wato Kidderminster a 1994, da Macclesfield a 1995, da Stevenage a 1996. Sai a 2003 aka ƙara gurbi na biyu, wanda ake samu ta wasannin cike gurbi tsakanin ƙungiyoyin da ke bin zakara. Abin lura a nan shi ne, League Two tana tura ƙungiyoyi huɗu sama kowace shekara, amma biyu kawai take karɓa daga ƙasa. Wannan ƙunci na ƙofa shi ne ya sa Lig ta Ƙasa ta cika da tsofaffin ƙungiyoyin Lig da suka faɗo suka kasa komawa.

3.0 Yadda Kakar Wasa ke Gudana

Ana fara kaka a farkon Agusta, a kammala gasar lig a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. A Lig ta Ƙasa kowace ƙungiya tana karawa da sauran 23 sau biyu, gida da waje, wasa 46 ke nan. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya, wanda aka ci kuma bai da komai. A kakar 2016-2017 ta ɗaya ta hau kai tsaye, ta biyu zuwa ta biyar suka yi wasannin cike gurbi, huɗu na ƙarshe kuma suka faɗi. Daga kakar da ta biyo baya aka faɗaɗa wasannin cike gurbin har zuwa ta bakwai.

Ranakun wasa na al'ada su ne Asabar da ƙarfe 3 na rana da Talata da ƙarfe 7:45 na dare. A Ingila akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana nuna wasa kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15, kuma ɗaya daga cikin hujjojinta shi ne kada mutane su zauna a gida kallon manya, su bar filayen ƙanana ba kowa. Wannan ya nuna muhimmancin kuɗin ƙofa. Ƙungiyar Firimiya ta dogara ne a kan kuɗin talabijin, amma ƙungiyar wajen Lig tana rayuwa ne da tikitin shiga, da cinikin abinci da abin sha a filin wasa, da tallan 'yan kasuwar gari, da kuma aljihun mai ƙungiya. Yawancin masu karɓar tikiti da masu gyaran fili da masu sayar da shayi 'yan sa kai ne.

Lokacin sanyi shi ne mafi wuya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama da ƙanƙara kan lalata fili, alƙalin wasa ya duba da safe ya ce ba za a yi ba. Wasannin da aka ɗage sai su taru a Maris da Afrilu, ƙungiya ta riƙa buga wasa duk bayan kwana uku. Don kauce wa wannan, wasu ƙungiyoyi sun shimfiɗa ciyawar roba, wadda kuma suke ba da hayarta a sauran ranakun mako. Sai dai babbar Lig ba ta yarda da irin wannan fili ba, shi ya sa da Harrogate Town ta hau a 2020, da Sutton United a 2021, sai da kowace ta cire nata ta shuka ciyawa. Ga kuma nisan tafiya: daga Barrow a arewa maso yamma zuwa Dover a kudu maso gabas ya fi kilomita 500, kuma duka biyun suna rukuni ɗaya a kakar da ake magana a kanta.

'Yan wasan ma iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwallo ce sana'arsu, suna atisaye kullum da safe, kuma su ne mafi yawa a Lig ta Ƙasa. Akwai kuma masu wata sana'ar, kamar magina da malaman makaranta da direbobi, waɗanda ke atisaye sau biyu a mako da dare, ana ba su ɗan alawus. Daga mataki na shida zuwa ƙasa irin waɗannan ne suka fi yawa. Jamie Vardy daga cikinsu ya fito: yana aikin masana'anta yana buga wa Stocksbridge Park Steels, ya bi ta Halifax da Fleetwood, Leicester City ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012, kuma a 2016 ya lashe Firimiya da ita.

Bayan gasar lig akwai gasannin kofi. Na ƙungiyoyin waje zalla su ne FA Trophy, wanda aka fara a 1969 don manyansu, da FA Vase, wanda aka fara a 1974 don ƙananansu, kuma a filin Wembley ake wasan ƙarshe na kowanne. Amma wanda kowa ke mafarki shi ne Kofin FA, gasar da aka soma tun kakar 1871-1872. A kakar 2016-2017 ƙungiyoyi 736 ne suka shiga. Mafi ƙanƙanta suna farawa tun Agusta, suna ɓarje gumi a zagayen share fage har guda shida. Ƙungiyoyin Lig ta Ƙasa suna shigowa a zagayen share fage na ƙarshe a Oktoba, na mataki na uku da na huɗu a Nuwamba, manyan Firimiya da Championship kuwa sai Janairu, a zagaye na uku. Ƙuri'a ce ke haɗa kowa da abokin karawarsa, ba a ware babba daga ƙarami.

4.0 Lincoln City Kafin 2016

Lincoln birni ne a gabashin tsakiyar Ingila, mai mutane kimanin 100,000, wanda aka sani da babbar majami'arsa ta kan tudu. An kafa ƙungiyar a 1884, filinta kuma, Sincil Bank, yana ɗaukar mutum kimanin 10,000. Kamar yadda aka ambata, ita ce ta fara faɗuwa kai tsaye a 1987, amma a wancan karo shekara ɗaya ta yi ta koma. Faɗuwa ta biyu ta zo a 2011, bayan Aldershot ta ci ta 3-0 a gida ranar ƙarshe ta kaka. Wannan karon komawa ta gagara. Shekara biyar a jere ba ta shiga ko rabin sama na teburi ba, 'yan kallo suka ragu zuwa kimanin 2,500, bashi kuma ya yi mata yawa. A kakar 2015-2016 ta ƙare ta 13.

A watan Mayu na 2016 shugabannin ƙungiyar suka ɗauko Danny Cowley a matsayin koci, da ƙanensa Nicky a matsayin mataimaki. Dukansu malaman motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a gundumar Essex, ba su taɓa horar da ƙungiyar ƙwararru ba. Danny ya fara ne a 2007 da Concord Rangers, ƙaramar ƙungiya a mataki na tara, ya hau da ita sau uku. Daga nan ya koma Braintree Town, ƙungiyar 'yan wasa masu wata sana'ar, ya kai ta matsayi na uku a Lig ta Ƙasa a 2016. Da suka karɓi Lincoln sai suka ajiye aikin koyarwa. Abin da aka san su da shi shi ne nazarin abokan karawa ta faifan bidiyo, da ƙarfafa jikin 'yan wasa, da yawan maimaita bugun kusurwa da bugun tazara a wurin atisaye. A gaba suna da Matt Rhead, ƙaton ɗan wasa wanda ya daɗe yana aiki a masana'antar motocin haƙa kafin ya zama ƙwararre, shi ake jefa wa dogayen ƙwallaye ya sauke wa na kusa da shi.

4.1 Tafiyar Kofin FA

Tafiyar ta fara ne ba tare da wani armashi ba. A Oktoba 2016 Lincoln ta tashi babu ci da Guiseley a gida, sai a wasan maimaici ta ci 2-1. A Nuwamba ta fitar da Altrincham da ci 2-1, a Disamba kuma ta doke Oldham, wadda ke mataki na uku a lokacin, da ci 3-2. Wannan ya kai ta zagaye na uku, inda ƙuri'a ta haɗa ta da Ipswich Town ta Championship. Magoya baya kusan 5,000 suka bi ta Ipswich, aka tashi 2-2, Theo Robinson ne ya ci duka biyun. Kafin wasan maimaici, ranar 12 ga Janairu 2017, Graham Taylor ya rasu, wanda ya taɓa horar da Lincoln a shekarun 1970 kafin ya zama kocin Ingila. Ranar 17 ga wata, a wasan da BBC ta nuna kai tsaye, Nathan Arnold ya zura ƙwallo ɗaya tilo bayan cikar minti 90.

A zagaye na huɗu Brighton ce ta zo Sincil Bank, ƙungiyar da a ƙarshen wannan kaka ta hau Firimiya. Ita ta fara ci, amma bayan hutun rabin lokaci Lincoln ta farke da bugun fenareti, wani ɗan bayan Brighton ya ci gida, Robinson ya ƙara ta uku, aka tashi 3-1. Zagaye na biyar ya kai ta gidan Burnley ta Firimiya ranar 18 ga Fabrairu, tazarar matsayi 81 tsakaninsu. Har minti na 88 babu ci. A minti na 89 Lincoln ta sami bugun kusurwa, kyaftin Luke Waterfall ya maido da ƙwallon da ka, Sean Raggett ya sa mata kai. Mai tsaron ragar Burnley ya ture ta, amma na'urar da ke lura da layin raga ta nuna ta riga ta tsallaka. A filayen wajen Lig babu wannan na'ura. Da haka Lincoln ta zama ƙungiyar waje ta farko da ta shiga cikin takwas na ƙarshe tun Queens Park Rangers a 1914, shekara 103 ke nan.

Ya kamata a ambaci cewa ba ita kaɗai ba ce. Sutton United, 'yar rukuninsu, ta fitar da Leeds United ta kai zagaye na biyar, inda Arsenal ta ci ta 2-0. Arsenal ɗin ce Lincoln ta haɗu da ita ranar 11 ga Maris a filin Emirates na Landan, tare da magoya baya kimanin 9,000. Ta riƙe wasan babu ci har daf da hutun rabin lokaci, kafin Theo Walcott ya buɗe raga. Bayan an dawo bambancin ƙarfi ya bayyana, aka tashi 5-0. Arsenal ce ta ɗauki kofin a wannan shekara.

Muhimmancin wannan tafiya ga ƙungiyar ya wuce suna. A Kofin FA ana raba kuɗin ƙofa tsakanin mai gida da baƙo bayan an cire kuɗin ɗawainiya da kason hukuma. Wato ƙaramar ƙungiya da ta je filin da ke ɗaukar mutum 60,000 tana dawowa da abin da ba za ta tara a wasanni masu yawa na gida ba. Ga ladan cin kowane zagaye, ga kuɗin nunawa a talabijin. Da wannan kuɗi Lincoln ta sauke nauyin bashi, ta kuma gina filin atisaye nata na kanta a Scampton, arewa da birnin, wanda aka buɗe a 2018. Kafin nan a filayen aro take atisaye.

4.2 Kammala Gasar Lig

Duk da wannan, abin da ƙungiyar ta fi buƙata shi ne hawa, kuma tafiyar kofin ta jefa shi cikin haɗari. Kowane zagaye na kofi yana sa a ɗage wasan lig. Bugu da ƙari, Lincoln ta kai wasan kusa da na ƙarshe a FA Trophy. Kwana uku bayan wasan Arsenal ta je gidan York City aka ci ta 2-1, a karawa ta biyu aka tashi 1-1, ta rasa damar zuwa Wembley. Cikin mako ɗaya an fitar da ita daga kofi biyu, ga kwantan wasanni, ga Tranmere Rovers da Forest Green Rovers suna biye da ita a teburi.

A nan ne ƙarfin jikin da aka gina tun farkon kaka ya yi amfani. A hutun Ista na Afrilu, Torquay da Gateshead duk sun fara cin Lincoln, amma ta farke ta ci kowannensu 2-1 a mintunan ƙarshe. Ranar 22 ga Afrilu 2017, a gaban 'yan kallo fiye da 10,000, Macclesfield Town ma ta fara ci, Terry Hawkridge ya zura biyu, Lincoln ta zama zakara. Ta gama da maki 99, daga nasara 30 da kunnen doki 9, an ci ta sau 7. Idan aka haɗa da wasannin kofi, wasa 61 ta buga a kakar. Tranmere ta tara maki 95, amma Forest Green ta ci ta 3-1 a wasan ƙarshe na cike gurbi a Wembley, sai ta ƙara shekara ɗaya a waje.

5.0 Abin da Kaka Ɗaya ke Jawowa

Idan aka dubi makomar ƙungiyoyin da suka buga wannan kaka tare, za a ga yadda tazarar da ke tsakanin nasara da rushewa take ƙarama. Lincoln ta ci kofin EFL Trophy a Wembley a 2018, ta lashe League Two a 2019, kafin 'yan uwan biyu su koma Huddersfield Town a Satumba na wannan shekara. Braintree kuwa, wadda suka bari tana ta uku, ta faɗi mataki na shida a 2017. York City ta ɗauki FA Trophy a Wembley, amma ita ma ta faɗi, shekara ɗaya bayan faɗowarta daga babbar Lig. North Ferriby United, ƙungiyar ƙauye da ta ƙare a ƙarshen teburi, kotu ta rufe ta a 2019 a kan bashin da bai kai fam 8,000 ba. Macclesfield Town ta hau a 2018, amma a 2020 ita ma kotu ta rufe ta saboda bashi, sai da aka kafa sabuwar ƙungiya a filinta ta faro daga mataki na tara.

Daga nan ne muhawara biyu suka taso. Ta farko ita ce ta yawan guraben hawa. A kakar 2022-2023 Wrexham ta yi zakara da maki 111 bayan shekara 15 a waje, Notts County kuma da maki 107 sai da ta bi ta wasannin cike gurbi, ta tsira da bugun fenareti. A 2025 York City ta tara maki 96 ta zo ta biyu, ba ta hau ba. A wannan shekara ƙungiyoyin National League suka ƙaddamar da yaƙin neman a mayar da guraben uku. Hujjarsu ita ce tsananin ƙuncin ƙofa yana sa masu ƙungiyoyi kashe abin da ba su da shi. Matsalar ita ce ƙarin gurbin hawa yana nufin ƙarin gurbin faɗuwa ga ƙungiyoyin babbar Lig, kuma su ne ke da ƙuri'a, kamar dai yadda abin yake kafin 1987.

Ta biyu ita ce ta wasan maimaici. Daga kakar 2024-2025 hukumar FA ta soke shi tun daga zagaye na ɗaya na Kofin FA, bisa hujjar cewa wasanni sun yi wa manyan ƙungiyoyi yawa saboda faɗaɗa gasannin Turai. Ƙananan ƙungiyoyi sun yi ƙorafi, suna cewa ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. Misalin Lincoln ya nuna abin da suke nufi. Da wannan ƙa'ida tana aiki a Janairu 2017, da wasan Ipswich bai dawo Sincil Bank ba, da an ƙarasa shi a gidan babbar ƙungiya da ƙarin lokaci, kuɗin ƙofa da na talabijin na wancan dare kuma da ba a same su ba.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana cewa ƙwallon wajen Lig ɓangare ne na gini ɗaya da Firimiya, hawa da faɗuwa ne suka haɗa su, Kofin FA kuma shi ne wurin da babba da ƙarami ke haɗuwa a fili ɗaya. An ga yadda kaka ke gudana, da abin da ƙungiyoyin ke rayuwa a kansa, da wahalhalun sanyi da nisan tafiya da cunkoson wasanni. An kuma bi Lincoln City daga Guiseley a Oktoba 2016 zuwa ranar da ta koma babbar Lig a Afrilu 2017 bayan shekara shida. Darasin da ke ciki shi ne, nasarar ta samu ne daga shiri da aiki na kociyoyin da suka fara daga mataki na tara, amma ƙa'idojin gasa, wato rabon kuɗin ƙofa da wasan maimaici da buɗaɗɗiyar ƙofar hawa, su ne suka ba wannan aiki damar yin amfani. Ana so ɗalibi ya kwatanta wannan tsari da na gasar ƙasarsa: matakai nawa ne, ƙungiyoyi nawa ke hawa, kuma daga ina ƙungiyar garinsu take samun kuɗin tafiya wasa.